Bangon Gabas na Soron Garun Labo

A zamanin Magaji Awaisu, wanda shi ne na ƙarshe da ya yi zaman fada a soron Garun Labo, tsakanin Kafur da Ƙarfi, aka yi wata kaka da masara ta yi kyau amma garin ya rasa masu girbe ta. Matasa sun watse, wasu Funtuwa, wasu Kaduna. Sarautar kuwa ba abin da ya rage mata sai rawani da suna.

Soron nan yana da tarihi. Magabata sun ce da mahara suka taso daga yamma suka kewaye garin, Labo wanda ya kafa shi ya tara mata da yara a ciki, Madawaki da Barde suka tsare ƙofa har damina ta kori abokan gaba. Bayan yaƙi Labo ya raba bangwayen soron ga waɗanda suka tsaya masa: yamma ga Madawaki, arewa ga Barde, kudu ga gidan sarauta, gabas kuma ga wani maharbi Bamaguje. Kowace shekara in an gama girbi, kowane gida zai fito ya yi wa bangonsa yaɓe da jar ƙasa da makuba, sannan maigidan ya danna tafin hannunsa a kan ɗanyen yaɓen. Mubaya'arsu ke nan.

Jikokin maharbin sun zama Kirista tun zuwan mishan, amma ba su saki bangonsu ba. A zamanin Awaisu, wani tsoho mai suna Amos ne ke riƙe da shi. Sauran gidajen kam sai alkawari ta waya. Magaji zai aika kira, a kwaɓa ƙasa, a shimfiɗa tabarmi, ƙasar ta bushe ba wanda ya taɓa ta sai Amos. Abin ya ci wa Magaji rai ƙwarai, domin ba yaɓen ne ya fi damunsa ba, shirun fadar ne.

Sai ya yanke shawarar yi wa soron rigar da ba za ta sake buƙatar kowa ba. Ya kawo magina daga Malumfashi, suka shafe bangwaye da siminti ciki da waje, har da daɓen ƙasa. Da suka iso gabas, Amos ya tsaya a gaba da sandarsa.

"Ranka ya daɗe, wanga bangon a bar mani shi."

"Malam Amos, tsufa ya kama mu duka. Hutu nake nema maka."

"Na sani, ranka ya daɗe. Amma in an shafe shi da siminti, ina zan sa hannuna?"

Magaji ya juya ya ce wa magina su bar gabas. Amos bai san komai game da gini ba, haka ma Magaji. Babu kuma wanda ya gaya musu cewa bangon ƙasa yana shan laima daga tushe, yana fitar da ita ta jikinsa in rana ta fito.

Da bazara ta zo, soron da a da ake gudowa cikinsa don sanyi ya koma kamar tanda. A wannan bazarar Amos ya rasu. Magaji ya bi gawarsa har bakin coci, ya komo ya zauna shi kaɗai cikin zafin.

Sai damina ta kafa nata sansanin. Wannan karon harin ta ƙarƙashi ya zo, kuma babu Madawaki babu Barde. Laima ta hau cikin bangwayen, siminti ya hana ta fita. Warin danshi ya cika soron, farin gishiri ya feso a gindin bango. In Magaji ya ƙwanƙwasa, sai ya ji amo kamar na ƙwarya, ya janye hannunsa. Wa ma zai gaya wa?

A tsakiyar marka ta biyu, wata ranar Juma'a yana masallaci, bangon yamma ya zube, ya jawo na arewa da na kudu, azara ta biyo su. Aka tarar ƙasar cikinsu ta zama kunu. Bangon gabas kaɗai ya tsaya.

Da kaka ta kewayo, Magaji bai aika kira ba. Ya cire rawani, ya kwaɓa ƙasa da ƙafarsa, ya yi ta yaɓe a hankali har ya iso inda tafin hannun Amos na ƙarshe yake. Ya kasa rufe shi. Ya kewaye shi da yaɓe, sannan ya danna nasa hannun a gefe.

Haka tarihi ya riƙe shi. A Garun Labo yau ba a cewa Soron Magaji, sai dai Bangon Amos. Ni kuwa da na tsaya a gabansa, abin da na gani shi ne mulki ya nemi wadatuwa da kansa ya rushe, kuma mubaya'a ta ƙarshe da aka yi a fadar, basarake ne ya yi wa talakansa, ba kowa a wurin.