Kwalekwale Biyu da Rabi

A can wani zamani, ruwa ya ci wani ƙauye, mutum ashirin da biyar suka maƙale a tudu. Mai fiton ƙauyen yana da kwalekwale biyu, kowane na ɗaukar goma, da wani da ya rabe biyu.

Ya ƙirga, ya ce, "Biyu da rabi, lissafi ya yi daidai."

Ruwa na ta hawa, yara na kuka. Ya sake ƙirgawa, biyu da rabi.

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, su wa za ka zuba a rabin?"

Ya dubi biyar ɗin da suka rage, har da mahaifiyarsa. Sai ya haɗiye girman kai, ya ƙwala wa masuncin da suke gaba kira, ya kawo nasa.