Mai Gadin da Aka Sallama

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Doreen Kowalchuk wani gidan jinyar tsofaffi a Winnipeg. Wani tsoho mazaunin gidan, Thorvaldson, ya rasu bayan an yi masa allurar fenisilin, maganin da jikinsa ba ya ɗauka, kuma tuni aka jibga wa nas Marisol Dizon laifin. In ya tabbata, lasisinta ya tafi, ga kurkuku yana jiranta.

"Sai da na duba kwamfuta, ranki ya daɗe, babu wani gargaɗi," in ji Marisol. "Ko gaban alƙali haka zan faɗa."

Sufeto ta duba shafin tsohon a kwamfutar, ga gargaɗin fenisilin nan ɓaro-ɓaro da jan rubutu. Amma ita Sufeto nas ce ta haife ta, ta san idon wadda ta yi aikinta.

Ta gangara ofishin Trevor Penner, mai kula da rumbun bayanai, mutumin da ke ji da kansa kamar shi ya ƙirƙiro lantarki.

"Tiriga na ɗora wa kowane shafi," ya ce. "Mai gadi ne. Kina taɓa bayanin majiyyaci zai rubuta sunanki da abin da kika canza. Ko ƙuda ba ya wuce shi. Ba a taɓa shafin tsohon nan ba."

"Ba ya rage wa na'ura gudu?"

"Yana yi mana. Shi ya sa in za a yi babban aiki sai a..." Ya kai kofi baki.

"Sai a kashe shi," in ji Sufeto. "Wa ke da ikon yin haka?"

"Ni kaɗai, amma ban taɓa yi ba."

Sufeto ta samo takardar kotu, ƙwararrun 'yan sanda suka buɗe janal, wato abin da ita kanta na'urar ke rubutawa daga can ƙasa, da tiriga ko babu. Penner ya daɗe yana kiransa tsohon yayi, har ya manta yana aiki.

Washegari ta dawo, ba ta ko zauna ba.

"Watan jiya ka kashe tiriga don ka haɗe shafukan da suka maimaitu, gargaɗin ya bi shara. Bayan tsohon ya cika, ka sake kashe shi, ka mayar da gargaɗin. Ka sallami mai gadi, Mista Penner, amma gidan yana da ido."

Penner ya ce, "Kuskure ne. Na ji tsoro."

"Na farkon kuskure ne. Na biyun fa?"

Nan take aka sa masa ankwa.

A baranda Sufeto ta miƙa wa Marisol katin aikinta da aka ƙwace, zuciyarta fari ƙal, sai ka ce uwarta ta wanke.

"Na gaya miki na duba," in ji Marisol. Ta rataya katin a wuya, ta wuce ɗakin da wani majiyyaci ke danna ƙararrawa.