Yatsa Takwas a Gindin Kanya

Ku rage fitilar nan, ku matso kusa. Wanda ya san zai yi kuka ya tashi tun yanzu ya koma wajen uwarsa, don labarin Nomau maharbi ba shi da wurin dariya.

Nomau mutumin Tungar Maje ne, wani ƙauye a bakin daji. Gajere ne mai kaurin wuya, ba ya gaisuwa sai an gaishe shi. Bindigarsa ta toka ce, irin wadda ake ɗurawa ta baki, maƙerin garin ya ƙera masa ita da bututun sitiyarin wata tsohuwar mota. Wajen saiti kuwa ba a magana. Abin da ya auna, ya samu.

Maharban garin suna da ƙa'idar ɗuri da suka gada. A zuba albarushi, a danna tsumma, a zura sandar ɗuri. Abin da sandar ta rage a waje, shi ake aunawa da faɗin yatsu. Yatsa biyu na zabo ne. Uku na gada. Barewa yatsa huɗu ce da dunƙulen dalma guda, a same ta a bayan kafaɗa, ta faɗi ba ta san abin da ya same ta ba. Daga shida zuwa sama kuwa babu mai kaiwa, don bututun ba ya ɗauka, a hannun mai harbi yake tarwatsewa.

Nomau ya san wannan duka, amma ya yi wa kansa wata dabara. Kasuwa ran Juma'a take ci, mahauta kuma sun fi son naman dajin da aka yanka a gabansu. Sai ya riƙa ɗura wa barewa yatsa biyu kacal, maimakon dalma ya zuba yankakkun ƙusoshi, ya auna ƙafafun baya. Harbin ba ya kisa. Karya ƙashi yake yi, ya yaga nama. Dabba ta kwanta a daji kwana biyu, kwana uku, yana kai mata ruwa a ƙoƙo don kada ta mutu kafin ranar kasuwa. Shi a wurinsa wannan wayo ne. Mugunta ce tsagwaronta, ba ta da wani suna.

Sarkin Baka Anaruwa, shugaban maharban garin, tsoho ne da ba ya yawan magana. Wata rana ya kira shi zaure.

"Nomau, an ce ƙusa kake ɗurawa."

"Bindigata ce, Sarki."

"Taka ce. Dabbar fa?"

"Ta daji ce. Daji ba shi da mai shi."

"Ubanka bai taɓa faɗin wannan maganar ba," tsohon ya ce. "Tashi ka tafi."

Wata Talata da damina ya harbi wata barewa a Kurmin Kanya. Mace ce, mai shayarwa. Ta ja jiki da ƙafafun gaba har gindin wata tsohuwar kanya, a nan ƙarfinta ya ƙare. Nomau ya ɗaure wuyanta a saiwa ya tafi gida. Da ya dawo ran Laraba ya tarar da ɗanta yana tsotson nono, ko gudu bai iya ba sosai. Ya cafke shi, ya yanka shi a gaban idonta, ya goge wuƙar a gashin bayanta. Da daren nan ya sha romo har yana santi.

Ran Alhamis ya makara. Bai fito ba sai da rana ta take tsaka, lokacin da ko makiyaya ke neman inuwa su bar wa masu daji dajinsu. A hanya ya harbi zabo ya kuskure, abin da bai saba ba. Bai sake ɗuri ba. Ya ce ai ruwa kawai zai kai.

Tun daga nesa ya ji kukanta. Siriri ne, yana yankewa yana dawowa. Da ya matso sai ya lura babu sauran wani sauti a kurmin. Ba tsuntsu. Ba gyare. Ko ganye ba ya motsi.

Akwai mutum a gindin kanyar.

Dogo ne siriri, da doguwar riga mai launin ƙasa har tana jan ciyawa, da malfa, da sandar kiwo. Ya tsuguna yana kore wa barewar ƙuda da hannu. Ƙudan sun yi baƙi a kan raunin, amma ko ɗaya bai sauka a jikinsa ba.

"Kai, bar nan," Nomau ya ce. "Tawa ce."

"Sannu da rana, Nomau."

Mutumin yana gabansa, amma muryar daga bayan kunnensa ta fito. Nomau ya waiga. Babu kowa. Da ya juyo, sai ya ga leɓɓan mutumin yanzu ne suke motsi, bayan maganar ta riga ta ƙare.

Baƙon ya miƙe tsaye. Rigar ta ɗan ɗaga. Ƙafar da ke ƙasa ba ta da yatsu. Kofato ne rababbe, baƙi, ƙanƙane, bai kai ya ɗauki mutum mai wannan tsawo ba.

Nomau ya yi niyyar gudu. Ƙafafunsa suka ƙi. Ya ji su kamar an dasa su a laka ta bushe da su. Ya nemi addu'a a bakinsa, ya tarar ko farkonta ya ɓace masa.

"Kwana uku ina ƙirga garkena," baƙon ya ce. "Biyu babu. Ina ƙaramin?"

Baƙon ya sake tambaya.

"Ya yi daɗi?"

"Ka yi mini rai, Baba. Ban san naka ba ne."

"Ba ka tambaya ba." Ya nuna bindigar da haɓa. "Me ka sa wa wannan?"

"Yatsa biyu."

"Da me?"

"Ƙusa."

"Don me?"

"Don kada ta mutu."

"Ai kuwa ba ta mutu ba," baƙon ya ce. "Ka iya aikinka."

Ya koma ya tsuguna, nesa kaɗan da inda gindin bindigar ya taɓa ƙasa. Ya ɗora sandarsa a gwiwa.

"Harbi ɗaya ya rage a wurin nan yau. Ɗura ta."

"Wa za a harba?"

"Ɗura ta yadda ka ga ya dace."

A nan Nomau ya sallama cewa kwanansa ya ƙare. Ya tabbata a ransa bindigar za a karɓa a juya masa ita. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba, har ya ji fitsari yana bin cinyarsa. Ya gwada karkata bakin bindigar wajen baƙon, ko da babu komai a ciki, hannunsa ya mutu har kafaɗa. Ya mayar da ita tsaye, hannun ya dawo.

Ya buɗe burgaminsa. Ga ƙahon albarushi. Ga dalma guda biyu da ya daɗe bai taɓa ba. Ga ƙullin ƙusoshi. Ya tsaya yana lissafi. In ya sa huɗu da dalma, mutuwa ce nan take. In ya sa biyu da ƙusa, zai rayu, amma ya san irin rayuwar, ga ta nan kwance a gabansa tana numfashi da kyar. Duka biyun bai iya haɗiye su ba.

Sai wayon nan nasa ya sake motsawa. Wanda zai ja kunama, shi ne zai riƙe bututu a kusa da fuska. To, bari baƙon ya riƙe.

Ya zuba albarushi. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa, yana kare bakin ƙahon da tafin hannu. Ya danna tsumma biyu da dukan ƙarfinsa. Ya jefa dalmar duka biyu, ya bi su da ƙusoshi, ya sake toshewa da tsumma ya daka har sandar tana tsalle. Sannan ya miƙa bindigar da hannu biyu, kansa a ƙasa kamar mai ladabi.

Baƙon bai miƙo hannu ba.

"Zura sandar in gani."

Nomau ya zura. Sandar ta tsaya can a waje.

"Auna."

Ya jera yatsun hannu ɗaya. Ba su kai ba. Ya ɗora na ɗayan.

"Takwas," baƙon ya ce. "Giwa ka gani?"

Baƙon ya ci gaba.

"Ni ba na taɓa ƙarfe. Ko matar da ke sa wa jaririnta wuƙa a ƙarƙashin matashi ta san wannan. Kai maharbi ka manta." Muryar ta matso har Nomau yana jin sanyinta a wuyansa. "Harbin nata ne. Na so ka hutar da ita da hannunka, ka koma gida da ƙafafunka. Abin da na zo nema ke nan."

Sai a lokacin Nomau ya fashe da kuka. Ba kukan nadama ba ne, kada ku tausaya masa da wuri. Kukan wanda dabararsa ta juyo masa ne.

"Bari in zazzage ta, Baba. In sake ɗuri. Wallahi huɗu zan sa."

"Ka ɗura ka gama."

"To in yanka ta. Ga wuƙa."

"Ta riga ta ga wuƙar nan jiya."

"In na ƙi fa?"

"Sai ka tsaya nan." Baƙon ya ɗauki ƙoƙon da Nomau ya zo da shi, ya juya shi a hannu. "Ba za ka mutu ba. Zan riƙa kawo maka ruwa."

Nomau ya tsaya. Rana ta karkata. Cinnaku suka hau ƙafafunsa, ya kasa ko karkaɗe su. Ƙudan da ke kan barewar suka fara raba kansu biyu, wasu suna zuwa gefen idonsa. Baƙon yana tsugune yana shafa wuyan dabbar. Ita kuwa ta kafe Nomau da ido, ba ta ko ƙiftawa.

Wajen la'asar ya gaji. Ya ɗaga bindigar. Ya miƙar da hannu iya tsawonsa don ya nesanta ta da jikinsa, ya kawar da fuska gefe. Amma shekara talatin yana harbi, idon maharbi kuma ba ya jin magana. A daidai lokacin da yatsansa ya ja kunama, ya juyo ya duba saiti.

Har Tungar Maje an ji ƙarar. Mata masu daka suka tsaya da taɓare a sama.

Da ya farfaɗo, duniya ta yi baƙi ƙirin. Ya kai hannun dama zai taɓa fuskarsa, bai ji yatsu ba. Daga wuyan hannu zuwa gaba babu komai sai ɗumi. Ya ji ana ɗaure masa wurin da wani abu mai kama da saiwa, ana ja da ƙarfi har jinin ya tsaya.

"Kada ka mutu," muryar ta ce.

Sai ya ji kukan nan siriri, daf da shi.

"Ba ka same ta ba."

"Baba, ka kashe ni."

"Ni makiyayi ne." Aka sa masa wani abu a hannun hagu, itace mai santsi da sanyi. "Ga sanda, na ba ka. Ta san hanyar gida. Barewar kuma na kwance ta. Za ta bi ka har ran da ka ƙarasa aikinka."

Sandar ta ja shi, ya bi. Ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi. Duk inda ya tsaya, sai ya ji abu a bayansa: taku biyu, sannan jan jiki a ciyawa. Taku biyu, jan jiki. Da magariba masu dawowa daga gona suka tsince shi a bakin gari. Sun ce shi kaɗai suka gani.

Ya warke, in ana kiran wannan warkewa. Shekara goma sha tara ya yi a ƙofar gidansa, makaho, da dungu. Kullum in rana ta take tsaka sai ya toshe kunne ɗaya da hannu, ɗayan ya manna shi da bango, yana cewa ga ta nan bayan danga. Ya roƙi kowane maharbi a garin ya harbe masa ita. Wasu suka tausaya suka je suka duba, ba su ga komai ba. Ya roƙi a ara masa bindiga a ɗura masa, a nuna masa wajen kawai. Wa zai ba makaho bindiga a cikin gari? Sau biyu ya daina cin abinci don ya huta. Sau biyun da safe aka tarar da leɓensa a jiƙe, alhali babu wanda ya ba shi ruwa.

Ran da ya rasu an yi yayyafi da asuba, ƙasa ta yi laushi. Aka kai shi, aka rufe, aka juyo. A hanyar dawowa ne wani ya duba ƙasa ya tsaya cak. A kan sawun mutanen da suka ɗauki makara akwai wani sawu. Kofato biyu ƙanana, da doguwar shara a tsakiya kamar an ja buhu. Suka bi shi da ido tun daga ƙofar gidan har bakin kabarin.

Suka zagaya kabarin sau uku suna neman inda sawun ya fita. Bai fita ba.

Kanyar tana nan har yau, a hannun hagu in kun wuce fadama. Kada ɗayanku ya bi hanyar nan shi kaɗai da tsakar rana, ko aikensa aka yi. In kuma tsautsayi ya kai ku, kuka ji an yi muku sannu daga baya alhali mai maganar yana gabanku, kada ku duba ƙafarsa, kada ku amsa. Ku juya a hankali tun ƙafafunku suna jin maganarku.