Ikilima Biyu

"Ki tsaya ki ji ni, Ikilima, don girman Allah..."

"Ai a tsaye nake. Faɗi."

Tana jingine da bangon zaurensu, hannuwanta cikin hijabi, ko kallonsa ba ta yi ba. Mahbub kuwa duk ya faɗa, kamar ba shi ne ɗan gayun da ke zuwa Kabo zance yana tashin ƙamshi ba.

"Kuskure ne, sahibata. Wallahi kuskuren manhaja ne, yau da safe na gano."

"Manhajar wa?"

Ya kau da kai.

"Na ce manhajar wa, Injiniya?"

"...Tawa."

Ta yi wani murmushi mai ciwo.

Ai ta sani. Shi ya gina wa wani asibitin kuɗi a Gwarzo tsarin da ke adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta. Tsarin da kansa yake haɗe katunan da suka maimaitu, da kansa yake tura wa mutum saƙo idan ranar ganin likita ta zo. Har nafila ta yi masa ranar da aka fara aiki da shi. Da suka je asibitin gwajin aure, da hannunsa ya sa lambarsa a katinta yana dariya. "Daga yau ciwon kanki ma ni za a fara gaya wa."

Ana tsaka da shirin biki saƙo ya faɗo wayarsa: Ikilima Uwaisu, ranar awon cikinki ta zo.

Awon ciki!

"Katin Hajjo 'yar'uwarki ne," ya ce. "Manhajar ce ta haɗe shi da naki. Suna ɗaya, gari ɗaya, ranar haihuwa duk ɗaya ga Janairu aka rubuta muku. Ni wallahi ban taɓa sanin sunan Hajjo na yanka Ikilima ba ne..."

"Da ka tambayi ko ɗan yaye a gidan nan, da ya gaya maka. Mu biyu muka ci sunan Kaka, ita ake sakayawa da Hajjo. Uwaisu kuma kakanmu ne, duk jikokinsa da sunansa muka shiga makaranta. Hajjo tana ɗakin mijinta a Gammo, cikinta na sunna ne, har kayan ƙwalam na kai mata."

"Na sani yanzu..."

"Yanzu!"

Ta ɗago, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Da saƙon ya zo, wa ka fara nuna wa? Ni?"

Ya sunkuyar da kai.

"Hajiyarka ka kai wa. Ita da tun farko take cewa ba ta ga abin da ka gani a 'yar Kabo ba. Zubaidatu kuma, 'yar kawun naka da ta daɗe tana jiran ka waiwaye ta, ta ɗauki hoton saƙon ta watsa wa dangi. Kafin la'asar zancen ya kai Getso!"

"Na yi mata faɗa, na rantse..."

"Sannu da ƙoƙari. Ka san Baba ya daina zama a majalisa? Daga masallaci sai gida. Ka san Inna da kanta ta riƙe hannuna zuwa wajen unguwarzoma, tana kuka ina kuka, don kawai ta samu abin rufe bakin mutane?"

Hawayen da take ta dannewa suka ƙwace mata. Abin haushin, har yanzu zuciyarta bugawa take idan ta ji muryarsa. Har yanzu so take ta ce masa ya rame, ya ci abinci kuwa?

Ta dake.

"Duk wannan da sauƙi, Mahbub. Na kira ka, ina rantse maka da Allah. Ka tuna abin da ka ce?"

"Don Allah, hasken idona, kar ki..."

"Ka ce na'ura ba ta ƙarya."

Daga cikin gida ana jin Inna tana sheƙar gero.

"Na gyara," ya ce da sauri, kamar wanda ya samu mafita. "Wallahi na gyara. Yanzu ba ta haɗe kati sai ma'aikaci ya kira mai shi ya tambaye shi. Hajiya ma ta ce da kanta za ta zo ta ba Inna haƙuri. A bar ranar yadda aka sa ta, kin ji? Ni ba zan iya rayuwa ba ke ba..."

Ta dube shi ido cikin ido.

"Ka koya wa na'ura ta yi tambaya kafin ta yanke hukunci. Madalla, matan Gwarzo sun huta."

Ta goge fuskarta da gefen hijabi.

"Kai fa, wa zai koya maka? Gobe in wani ya kawo maka magana a kaina ina ɗakinka, wayarka za ka duba ko fuskata?"

"Ikilima..."

Ta ɗaga labulen buhun da ke ƙofar shiga gida, ta ɗaga murya yadda shi ma zai ji.

"Inna! In Baba ya dawo ki ce ya aika gidansu Mahbub a Gwarzo. Na fasa auren nan."