Ƙofar Da Auta Ya Liƙe

Abinci na je kai wa Auta gareji, ran nan da la'asar sakaliya. Matarsa ce ta kira ni, murya a dashe, ta ce kwana shida ke nan bai kwana a gida ba, kuma in ta aika da abinci yadda ya tafi haka yake dawowa. Ta ce ita ta gaji, ko ni zai ji maganata. Na ce mata ni ma gajiyar ce, sai dai uwa ba ta da ranar hutu. Na zuba a kula, na yafa mayafi, na fita ina jan gwiwata mai ciwo.

Duk a kan mota ne. Tsohuwar jif ce ta babansu, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda ya shekara ashirin da biyu yana tuƙa wa masu haƙar rijiya zuwa dazukan da ko sunansu ban iya ba. Da ya ajiye aiki suka bar masa ita. Da ya rasu ta yi shekara huɗu a ƙofar gida, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Sai bara Auta ya ja ta zuwa garejinsa, da yake bakanike ne kuma yana walda, ya ce zai tashe ta ya riƙa shiga daji da abokansa suna kwana, wai hutawa. Na ce wanda Allah ya ba ɗaki da katifa, me zai kai shi kwana a unguwar macizai? Ya yi dariya ya ce ai ni ko sauro ya yi tari sai na ce a kai shi asibiti.

Wata bakwai yana fama da ita. Ya sa mata manyan tayoyi masu haƙora. Ya ɗaga ta sama har sai na taka bokiti nake iya hawa. Ya cire kujerun baya ya shimfiɗa katako ya ɗora katifa, a ƙarƙashi ya yi durowa ta risho da tukwane. Ya ɗaura kariya, ƙarfen ɗora kaya, a saman rufi da tanti, ya kafa wani bututu a gefen gilashi, wai don injin ya samu numfashi in an shiga ruwa. Ya raɗa mata suna Gwaggo. In ya zo gaishe ni sai ya ce Gwaggo tana gaisuwa, ta ce a gaya min ta fi ni ƙarfin gwiwa.

Sau uku ya shiga dajin. Da ya dawo na farko ya ce bayan motar ya ɗan zauna, ya ƙara mata ƙarfen sifirin, wanda yake ɗaukar nauyi a kan tayoyi. Da ya dawo na biyu ta sake zama, ya sake ƙarawa. Bayan na uku ya daina kawo min gaisuwar Gwaggo. Ya daina dariyar ma gaba ɗaya.

Na tarar maƙwabtansa sun rufe sun tafi. Garejin shiru, sai warin baƙin mai da na ƙonannen ƙarfe. Gwaggo tana ƙarƙashin rumfa, gaba a sama, baya a ƙasa, kamar kaza mai kwanci. Abin da ya fara ɗaure min kai, ya sauke komai. Ga jarkoki, ga tanti, ga katifa da tukwane duk a zube a ƙasa. Babu kaya a cikinta, amma tayoyin baya sun kusa taɓa bodi.

Na leƙa ta taga. Yana kwance a kan katakon, ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Wurin nan zai ɗauki mutum uku, amma ya takure a can gefe, ya naɗe ƙafafu, kafaɗarsa manne da ƙarfe, kamar mai kwana a cunkoson asibiti.

Wani wari ne ya bugo ni. Ba na mai ba. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na gindin rijiya.

Na ce ya tashi ya ci abinci. Ya ce ba ya jin yunwa, kuma nan ne kaɗai barci yake zuwar masa. Na ce to me ya sa ya matse haka, ga fili?

"Babu wuri, Umma," ya ce, ƙasa-ƙasa, kamar kada ya tashi wani.

Na ajiye kular. Na zaga bayan motar don in buɗe in jawo shi. Sai na ga safaya taya a rataye a kan wani ƙarfe, na nemo mariƙin ƙofar a ƙarƙashinta na ja. Ko motsi. Na duba da kyau. Ɗigon walda huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, baƙaƙe kamar tabon ƙuna.

Na tambaye shi. Ya ce ƙofar ba ta iya ɗaukar nauyin tayar, tana ta ƙara a kan gargada, shi ya sa ya liƙe ta tun kafin tafiyar farko, ta gefe suke shiga.

Sai na tuna. Na zauna a kan jarka.

Ina amarya babansu ya sha tafiya da ni. Duk sanda muka fito daga daji, daidai inda burji ya haɗu da kwalta, sai ya tsaya. Ko ruwa ake, ko ma'aikatan suna ta ƙorafin yunwa. Ya fita, ya buɗe ƙofar baya, ya koma gefe ya sunkuyar da kai ya ce, "To, an iso. A sauka lafiya." Ya ɗan jira, ya rufe. Sau ɗaya na tambaye shi. Ya ce motar da ta kwana a daji ba ta tasowa ita kaɗai. Ya ce shiga kam suna shiga ta ko'ina, kamar ƙura, amma ba sa sauka sai ta ƙofar baya, sai kuma an sallame su. Ya ce kada in gaya wa yara, dariya za su yi masa. Yaran suka tashi suna zaton ƙura yake kaɗewa.

Ni kuwa na gargaɗi Auta a kan maciji. Na gargaɗe shi a kan ɓarayi, da ruwan rafi, da ajiye fetur kusa da risho, da kwana ba rigar sanyi. Har yakan lissafa min su da yatsu yana kwaikwayon muryata. Abu ɗaya da ya kamata in faɗa, shi ne na manta.

Na ce ya tashi ya ɗauko guduma da cizal na yanke ƙarfe, ya kai ni inda suke hawa kwalta. Ya ce gobe. Na ce yanzu. Ya juya min baya. Ban taɓa yi masa irin maganar nan ba tunda na haife shi, amma ran nan na yi. Na ce in dai nonona ya sha, ya tashi.

Ya tashi.

Tafiyar ba ta kai awa ba, amma na tsufa a cikinta. Motar tana nishi ko a miƙaƙƙiyar hanya. Na lura ya kifar da madubin ciki, madubin yana kallon ƙasa. Ban tambaya ba. Gidaje suka ƙare, gonaki suka ƙare, rana tana gangarawa.

Katakon baya ya yi ƙara. Irin ƙarar da gado yake yi in mutum ya gyara kwanciya.

Ba rami muka shiga ba.

Can sai na ji tari. Na tsoho, busasshe, a bayan kujerata. Na kalli Auta. Bakinsa a rufe, idonsa a kan hanya, gumi yana bin haɓarsa.

"Kada ki juya," ya ce.

Ban juya ba. Wani sanyi yana hura min ƙeya, yana ɗaukewa, yana dawowa, daidai da numfashi. Duk addu'ar da na iya na karanta, wadda na manta ƙarshenta na koma farko.

Muka iso da almuru. Kwalta ta ƙare, jan burji ya miƙe cikin ciyawa mai kai ƙirji. Ya kashe mota. Ko gyare ba ya kuka. Sai injin da yake hucewa, tas, tas.

Na riƙe masa tocila. Ya sa cizal a ɗigon farko ya buga.

Ƙwan.

Daga ciki aka amsa. Ƙwan.

Muka kalli juna. Ya ci gaba. Na farko ya fashe. Na biyu ya ba shi wuya. A na uku gudumar tana ta zamewa, amma ya fasa shi. Sai ya saki kayan suka faɗi. Ya yi hamma, doguwa. Ya ce barci yake ji, bari ya ɗan kishingiɗa. Na riƙe hannunsa, ya zame kamar an shafa masa mai. Ya buɗe ƙofar gefe ya shige, ya ja ta.

Na kira shi. Shiru.

Saura ɗigo ɗaya.

Ni ban taɓa riƙe guduma ba sai taɓarya. Na sa tocilar a baki, na durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo. Bugun farko a babban yatsana ya sauka. Ban ji zafin ba sai washegari. Na buga. Na sake bugawa. Ciki ana amsawa, yanzu ba hannu ɗaya ba, hannuwa da yawa, da sauri, kamar ƙanƙara a kan kwano.

Ƙarfen ya ce ƙas.

Ƙofar ta taho da nauyin tayar, ta kusa yin gaba da ni. Warin rijiya ya fito kamar an buɗe tukunya. Na ja jiki gefe. Na sunkuyar da kai yadda na ga babansu yana yi.

"To, an iso," na ce. "A sauka lafiya."

Shiru.

Sai sifirin ya yi ƙiii. Motar ta ɗan ɗaga.

Ciyawar gabana ta kwanta, ta tashi.

Ƙiii. Ta sake ɗagawa.

Ban ga ƙafa ba. Ban ga inuwa ba. Ciyawa kawai take buɗewa tana rufewa, sanyi yana shafar gefen fuskata yana wucewa. Wani mai nauyi, wani kamar yaro. Na ƙirga har tara, na daina.

Sai na ga ƙafafun da na sani. Takalmin aiki, mai ɗigon walda a baki.

Auta ya sauko. Idonsa a buɗe, bai gan ni ba. Ya bi layin ciyawar, a hankali, kamar mai bin sahu.

Na yar da tocilar na cafki bel ɗinsa ta baya da hannu biyu.

Ya ja ni. Yaron da ya kwana shida bai ci abinci ba, ya ja ni kamar tsumma. Na faɗi. Tsakuwa ta kwashe min gwiwa. Ƙaya ta tafi da mayafina. Ciyawa ta rufe mu, motar ta ɓace a baya.

Ban saki ba.

"Banda wannan," na ce. "Wannan nawa ne."

Ya tsaya cak.

Wata murya ta taso a bakin kunnena. Ta tsoho ce, mai tarin nan.

"Ya kwana a cikinmu."

"Ɗan direba ne," na ce. "Bai sani ba. Ni ce ban gaya masa ba."

"Ina direban? Mun daɗe muna jira ya buɗe."

"Ya rasu. Shekara biyar ke nan."

Na ƙara ƙanƙame bel ɗin, har da yatsan da na fasa.

"Bai taɓa wucewa da mu ba," in ji muryar, "ko sau ɗaya."

Bel ɗin ya yi sako-sako a hannuna. Auta ya zubo a kaina, da zafin jikinsa, da warin mansa. Ciyawa ta ci gaba da buɗewa tana rufewa, tana nisa, har ta tsaya. Can wani gyare ya fara kuka.

Da igiyar da ta rage a kan kariya muka ɗaure ƙofar. Muka dawo a hankali, bayan Gwaggo a can sama saboda ƙarafan da ya ƙara mata, tana tsalle a kan kowane ɗan dutse. A ƙofar gidansa ne ya tambaye ni ko abincin nan yana nan.

Ya kwana biyu yana barci a ɗakinsa, matarsa tana leƙawa tana duba ko yana numfashi. Da ya warware ya cire ƙarafan sifirin ɗin, suna nan jingine da bangon gareji har yau. Ya mayar da safaya kan kariya, ya gyara ƙofar tana buɗewa da yatsa ɗaya. Farcena ya faɗi, wanda ya fito a karkace ya fito. Gwiwar kuwa ba a magana.

Na so ya sayar da motar. Na yi magiya, na yi fushi, na gaji. Ya ce ta babansa ce. Har yanzu yana shiga dajin, ni kuma ba na iya cin abinci ranar da zai dawo. Ina zaune da waya a cinya har sai ta yi ƙara. Daga bakin kwalta yake kira, ina jin iska a bayansa.

"Umma, na buɗe."

"Ka sallame su?"

"Na sallame su."

"Ta ɗaga?"

Sai ya ɗan yi shiru. Kullum sai ya yi shirun nan.

"Ta ɗaga, Umma."

"To, rufe ka taho."