Fim ɗin da Ba a Tambayi Uwa Ba

A filin ƙwallon garin Shillong ya fara ganinta, da la'asar, ana yayyafi. Pranjal, ɗan garin Guwahati, shi aka ɗauko ya ɗauki bidiyon wasan mawaƙan rok. Ya juya kyamara kan 'yan kallo, sai ga Daphisha jiƙe sharkaf, tana yi wa mai ganga gwalo. Ya kafe a kanta har maigidansa ya zage shi.

Da aka tashi ya tambaye ta ko mai gangar saurayinta ne. Ta ce yayanta ne, Banteilang, kuma da shi Pranjal ya iya aiki kamar yadda ya iya kallon mata, da tuni ya yi suna.

Wata huɗu suna soyayya, zazzaɓi ya ɗauke Banteilang.

Nan Pranjal ya tafka wauta. Kafin a saki fim ɗin wasan, ya je neman izini wurin uban mamacin. Uba fa! A ƙasar Khasi, ƙabilar su Daphisha, inda ɗa na dangin uwarsa ne, ita da ɗan'uwanta ke da magana a kansa. Uban ya san ba huruminsa ba ne, amma ya gyaɗa kai.

Uwar, Kong Rilang, a kasuwa ta ji. Tana naɗe goro a ganye, sai ga muryar ɗanta daga wayar wani, yana ƙirga ɗaya, biyu, uku kafin ya buga ganga. Ta waiwaya tana nemansa. Daga ranar, shagon shayi, cikin tasi, gidan maƙwabta, ko'ina yaron na ƙirgawa yana dariya, an hana shi kwanciya.

Ta rantse baƙon nan ba zai taka gidanta ba. Daphisha kuwa auta ce, ita za ta gaji gidan, nan mijinta zai tare.

Daphisha ta tura wa Pranjal saƙo: "Mai kallona, ina sonka, amma ba zan kawo ka gidan da Mama ke toshe kunne ba."

Ya amsa: "Jiƙaƙƙiyata, nuna min ƙofar da ya kamata in ƙwanƙwasa tun farko."

Ya sauke fim ɗin daga intanet, kamfani ya kore shi. Ya zo ya durƙusa gaban Kong Rilang da kawun Daphisha, ya ajiye faifan asali, ya ce nata ne, ta ƙona ko ta adana.

Sau ɗaya ta kalla, ita kaɗai, ƙofa a kulle. Ta fito ido jajur.

"Ka iya ɗauka, ka iya ɓarna," in ji ta. "Zauna ka ci goro."

Bayan damina aka yi bikin, ango ya tare da akwatinsa ɗaya. Kong Rilang ta dafa kawunansu ta ce Allah ya ba su 'ya'yan da za su binne su.

Allah ya amsa. Ku kuma da kuka kwafe fim ɗin a wayoyinku, ku goge. Uwar Banteilang na nan a kasuwa, kuma har yau waiwayawa take yi.