Auta Ta Koma Lesin

Auta na durƙushe a tsakiyar falo tana goge rigar Umma, Yaya ya yi sallama ya shigo, makullin mota na rawa a yatsansa.

"Albishirinki! Na yi magana da manajan kamfaninmu, jibi za ki je intabiyu."

Ta ɗaga dutsen guga ta jingine shi, ta saci kallon Umma. Umma ta sunkuyar da kai kamar ba ta ji ba.

"Yaya, na gode, amma ai na riga na karɓi aiki. A cibiyar lesin ɗin nan ta bayan kasuwa, inda na yi karatun yamma ina ƙarama. Ni zan riƙa koya wa yara kwamfuta."

"Lesin? Da digirin naki?"

"Kuma..." muryarta ta yi ƙasa, "Malam Dogo na son ya turo manyansa."

Malam Dogo shi ma ɗan cibiyar ne. Benci ɗaya suka zauna da Auta suna yara, ya tafi jami'a ya karanto lissafi, ya dawo yana koyarwa a ajin da ya koyi haɗa baƙi.

Yaya ya jefar da makullin a kan kujera. "Ashe shi ne ya hure miki kunne! To ki saurare ni da kyau, tun da Baba ya rasu ni ne ubanki a gidan nan. Ban yi wahala a kanki don ki ƙare a share wa 'ya'yan mutane majina ba. Kuma ba zan ba mai alli ƙanwata ba!"

Ya fice. Auta ta kifa kai a cinyar Umma ta fashe da kuka. Umma ta shafa bayanta, ta ce, "Yi haƙuri. Aikin dai na amince ki je. Maganar aure kuwa sai yayanki ya sauko, kuma ban yarda ki ɗaga masa murya ba."

Washegari ta sami Dogo yana jera kujeru kafin yara su taso daga makaranta. Ta zayyane masa komai, idanunta jajir.

"Wallahi ji nake kamar in tattara in koma gidan Gwaggo."

"Haba dai! Ki bar gida a kaina? Ai sai ya ce maganarsa ta fito." Ya miƙa mata tsumman goge allo yana murmushi. "Mutumin da ya rene ki ba abokin faɗanki ba ne. Za mu jira. Ni dama dogo ne, jirana ma dogo ne."

"Kai fa ba ka siriyos!" ta ce, dariya ta ƙwace mata.

Haka watanni suka shuɗe. Yaya ya daina amsa gaisuwarta sai da ka. Duk inda Dogo ya gan shi sai ya rusuna ya gaishe shi, shi kuwa ya ɗage gilashin mota ya wuce. Auta ba ta fasa kai masa ruwa in ya dawo daga ofis ba, kukanta kuma ta bar wa matashinta.

Wata ranar da yamma hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Umma ta kira Yaya a waya ta ce lallai ya biya ya ɗauko ƙanwarsa. Auta na tsaye a bayan wata yarinya tana nuna mata yadda ake riƙe linzamin kwamfuta, ta hango shi a bakin ƙofa, fuska a murtuke, ya ƙi shigowa.

Anti Babba, tsohuwar da ta kafa cibiyar, ta gyara gilashinta ta ƙura masa ido.

"Kai! Ba Sarkin Lissafi nake gani ba?"

Yaya ya daskare. Ya cire hula, ya rusuna har ƙasa.

"Anti, kin gane ni?"

"Yo in manta yaron da ke zuwa min da ƙanwa a kafaɗa? Hannu ɗaya na rubutu, ɗaya na rarrashi. Sai kawai na neme ka na rasa."

Auta ta saki baki. Ba ta taɓa sanin Yaya ya zauna a ɗakin nan ba.

"Gareji na koma, Anti," ya ce a hankali. "Dole wani ya nemo abin da za a ci. Na bari ne don ita ta yi nisa, ba don ta dawo inda na baro ba."

Anti ta kama hannunsa ta ja shi ƙuryar ɗakin. An shimfiɗa tabarma, an zagaye ta da katako, ƙananan yara na wasa da murafen kwalabe. Malam Dogo na zaune dirshan a tsakiyarsu, wani jariri na barci a ƙirjinsa, da ɗaya hannun yana duba lissafin yayar jaririn.

"Shi da ƙanwarka suka ƙirƙiro wannan lungun," in ji Anti. "Sun lura manyan yara na daina zuwa saboda rainon ƙanne. Yanzu kowa ya zo da nasa, a riƙe masa, ya yi karatunsa."

Yaya ya daɗe yana kallon yayar jaririn tana rubutu, hannuwanta biyu a sake.

"Da a lokacina akwai wannan..." Bai ƙarasa ba.

Auta ta matso, hawaye na zuba. "Yaya, ban sani ba. Ka yafe mini."

"Me kika yi mini? Ni ne na ɗauka nisa shi ne ofis mai bene." Ya juya ga Dogo, wanda ke kiciniyar miƙewa da jariri a hannu. "Zauna, kar ka tashe shi. Ka ce wa manyanka ƙofa a buɗe take."

"Na gode, Yaya!"

"Au, har ka fara ce mini Yaya?" Yara suka kwashe da dariya ba tare da sun san dalili ba.

Bayan damina aka ɗaura aure, Yaya da kansa ya tsaya a matsayin uba. Daga baya ma ya ware yammacin Asabar yana zuwa koya wa manyan yara gyaran inji.

Da Auta ta yi fushi ta bar gida, da ta sami miji ta rasa ɗan'uwa. Haƙuri da ladabi suka haɗa mata duka biyun. Wanda kuma ya koma ya tallafi wurin da ya tallafe shi bai ci baya ba, ya dai san inda ya fito ne.